Teku a Bayan Katanga: Wa Ke da Bakin Ruwan Legas?

Jihar Legas tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 180, tun daga Badagry a kan iyakar Jamhuriyar Benin har zuwa can gabas inda ta haɗu da Jihar Ogun, kuma mutanen da ke cikinta, a ƙiyasin gwamnatin jihar, sun haura miliyan 20. Wanda ya ji haka daga Kano ko Maraɗi zai ɗauka babu abin da ya fi zuwa bakin teku sauƙi ga mazaunin Legas. Amma yaro yana iya tashi a Agege ko Mushin ko Ajegunle, ya shiga firamare ya gama, ƙafarsa ba ta taɓa taka yashin teku ba. Nisa da cunkoson motoci suna da nasu kason a cikin wannan, sai dai babban dalilin shi ne kusan duk inda mota za ta iya sauke mutum a bakin ruwa, ƙofa zai tarar, da mai gadi, da mai yankan tikiti. Zuwa bakin teku, wanda a da shi ne hutun marar kuɗi, ya koma hutun mai nauyin aljihu. Matsayin da za a kare a nan shi ne cewa gaɓar tekun da ke kusa da babban birni dukiyar jama'a ce. Ana iya sayar wa mai ziyara abinci, a ba shi hayar kujera da rumfa, amma bai kamata a sayar masa da hanyar isa ga ruwa ba. Legas ta yi wannan kuskure, kuma tana da sauran damar gyarawa kafin ragowar gaɓar ta ƙare.

Tsofaffin mazauna birnin, har da Hausawan Obalende da Idi-Araba da Agege da suka ga shekarun 1960 da 1970, suna iya ba da labarin Bar Beach. Wani shimfiɗaɗɗen farin yashi ne a gefen titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island, ba katanga, ba kuɗin shiga. Ranar Lahadi, ko washegarin Sallah, ko lokacin Kirsimeti, sai a ga iyalai sun sauko daga bas da tabarmi da kular abinci. Ga masu dawakin haya suna ɗora yara su zaga da su, ga masu tsire suna fifita garwashi, ga masu fasa kwakwa da adda, ga masu ɗaukar hoto suna bin mutane da kyamara a wuya. Can gefe kuma masu fararen riguna na cocin Aladura suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a suna fuskantar ruwa. Sunan wurin ya yi tashe har gidan talabijin ya raɗa wa wani shirin nishaɗi da Art Alade ke gabatarwa. Wurin yana da baƙin tarihinsa ma, don a nan gwamnatin soja ta riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana bindige su a bainar jama'a, ciki har da Ishola Oyenusi a 1971. Ko wannan ɗin shaida ce a kan matsayin wurin: hukuma ta zaɓe shi ne saboda babu wani fili a Legas da zai ɗauki dubban mutane, mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo, ba tare da an tambayi kowa takarda ba.

Ba haka kawai teku ya wayi gari ya cinye Bar Beach ba, ruwa ba ya tsami banza. A wannan yanki na Afirka ta Yamma raƙuman ruwa suna bugun gaɓa ne a karkace, daga kudu maso yamma, saboda haka yashi kullum cikin tafiya yake a hankali daga yamma zuwa gabas. Abin da ruwa ya kwashe a nan yau, gobe zai kawo madadinsa daga yamma. A bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas wannan yashi yakan taru ya toshe hanya, har manyan jirage ba sa iya shiga, sai su tsaya can cikin teku a riƙa sauke mutane da kaya a ƙananan jirage. Daga wajajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka shiga gina dogayen shingayen dutse a gefe biyu na mashigar, kuma zuwa 1914 manyan jirage sun fara shigowa. Tasha ta samu biyan buƙata, amma yashin da ke tahowa daga yamma ya maƙale a jikin shingen yamma, gaɓar da ke can ta yi ta ƙara faɗi, Bar Beach kuwa da ke gabas ta zama ana ɗiba ba a zubawa. A cikin ƙarni guda teku ya ci fiye da kilomita ɗaya na ƙasa a wurin. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnatoci suka yi ta zuba yashi ruwa yana kwashewa, har a farkon shekarun 2000 igiyar ruwa ta riƙa tsallake titin Ahmadu Bello tana shiga gidaje da ofisoshi. Ke nan zaizayar farashi ce da aka biya domin tashar da ƙasa duka ta amfana da ita, tashar da gyaɗa da auduga da fatun Arewa suka bi zuwa Turai.

Maganin da aka zaɓa daga ƙarshe shi ne Eko Atlantic. Daga 2008 wani kamfani mai zaman kansa, South Energyx na rukunin Chagoury, bisa yarjejeniya da gwamnatin jiha, ya fara haƙo yashi daga ƙasan teku yana cike wurin, da niyyar samar da sabuwar ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10. An tsara kare ta da katanga mai tsawon kilomita 8.5, wadda aka jera mata duwatsu da manyan curin siminti masu nauyin tan biyar-biyar. A watan Fabrairun 2013 aka yi bikin ƙaddamarwa, Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suna wurin. Babu mai musun cewa ruwa ya daina shiga titin Ahmadu Bello. Amma inda dubban iyalai ke shimfiɗa tabarma a da, yanzu filaye ne da ake sayarwa da dala domin dogayen benaye. Kuma wannan ba shi ne karo na farko ko na ƙarshe da talaka ya ja da baya daga bakin ruwa ba. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, aka kori mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, wurin ya koma unguwar masu hali. A watan Agustan 2012 wata igiya ta afka wa gaɓar Kuramo ta tafi da mutane fiye da goma, aka rushe abin da ya saura. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka kori dubban mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai. Kowane ɗaya yana da dalilin da hukuma ta bayar, amma duk sun nufi alƙibla guda.

Mai son ganin teku a Legas yau yana da wuraren zuwa, ba a ce babu ba: Elegushi a kusa, Eleko da wuraren shaƙatawa na Ibeju-Lekki a can gaba, Tarkwa Bay da Ilashe ga mai iya shiga kwale-kwale, Suntan a Badagry. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne ƙofa. A ɗauki magidanci da matarsa da 'ya'ya huɗu. Tun kafin su hango ruwa zai biya kuɗin shiga na kai shida, a wurare da yawa dubban nairori kowane kai. Idan da mota ya zo, akwai kuɗin ajiye ta. Idan uwargida ta dafo shinkafa daga gida don a rage kashe kuɗi, a wasu wuraren sai an biya kuɗin shiga da kula, a wasu ma ba za a bari a shiga da ita ba. A ciki kuma inuwa ta haya ce, kujera ta haya ce. Mafi ƙarancin albashi a Legas, kamar yadda gwamnatin jiha ta sanar a 2024, naira 85,000 ne, kuma tarin jama'ar da ke sana'ar hannu ko talla ko dako ba su da tabbacin samun ko da hakan. Ga irin wannan magidanci, yini ɗaya a bakin teku yana iya cin abin da ya kai kuɗin cefanen kwanaki. Shi ne kuwa ya fi kowa buƙatar wurin, domin shi ne ke kwana da iyalinsa a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, ba tsakar gida, ba filin wasan yara, ga hayaƙin janareta ga zafi. Mai gida a Ikoyi yana da lambu da wurin wanka a bayan gidansa, idan ya ga dama kuma ya yi hutu a Dubai.

Cewa akwai abin da ba a mallaka wa mutum ɗaya ba sabon zance ba ne a wurin Bahaushe. Kowane ƙauye ya san burtali da mashaya: manomi yana da gonarsa a gefen hanyar shanu, yana iya shinge ta, amma ranar da ya tura shingen ya toshe hanyar zuwa ruwa, ya taɓa haƙƙin gari, kuma mun ga irin jinin da toshe burtali ya jawo. Gaɓar teku a wurin babban birni matsayinta ke nan. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa rijiya da kogi suna da hurumi, wato filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya kame ya hana jama'a amfani da ruwa ba. Dokokin Rumawa da aka tattara a zamanin Sarki Justinian, a ƙarni na 6, sun lissafa iska da ruwa mai gudu da teku da gaɓarsa a cikin abubuwan da kowa ke da haƙƙi a kansu. Dokar Amfani da Ƙasa ta Najeriya ta 1978 ita ma ba ta ce gwamna ne mai ƙasa ba, amana ta ce an damƙa masa domin amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Mai riƙon amana yana iya ba da hayar wani abu daga cikin abin da aka ba shi ajiya, amma idan masu amanar suka koma sai sun biya kafin su leƙa dukiyarsu, da sauran magana.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare halin da ake ciki ke kawowa ita ce ta kuɗi. Suna cewa teku yana cin Victoria Island, gwamnati ta gwada shekara da shekaru ta kasa, kamfani ya zo da kuɗinsa ya tsayar da ɓarnar, to da me za a biya shi in ba da filin ba? Tambaya ce mai ma'ana, amma birnin Rio de Janeiro na ƙasar Burazil ya nuna cewa cike teku ba dole ne ya zama kore jama'a ba. A can ma an cike bakin ruwa, da ƙasar wani tudu da aka rushe a tsakiyar gari, kuma an shimfiɗa manyan tituna a kai. Sai dai ragowar filin, kimanin hekta 120, an mai da shi lambun Flamengo da aka buɗe a 1965, da bishiyoyi da filayen ƙwallo da gaɓar yashi, ga gadojin masu tafiya a ƙasa da ke tsallaka tituna zuwa ruwa, kuma ranar Lahadi ana hana motoci bi. Ita kanta Copacabana, gaɓar nan mai tsawon kilomita 4 da duniya ta sani, a wajajen 1970 aka faɗaɗa ta da yashin da aka zuba, kuma har yau ɗan unguwar marasa galihu da mai ɗaki a babban otal yashi ɗaya suke takawa. Tsarin mulkin Burazil na 1988 ya sa gaɓar teku a cikin dukiyar tarayya, wata doka ta shekarar kuma ta tabbatar da 'yancin kowa na isa gare ta kyauta. Rio ba birnin masu adalci ba ne, tazarar mai kuɗi da talaka a can sananniya ce. Bambancin shi ne an yanke shawara tun farko cewa bakin ruwa ba ya cikin abin ciniki. Da an keɓe ko da siririn yanki na sabuwar ƙasar Legas a matsayin gaɓar jama'a, a rubuce cikin yarjejeniya, da kamfani bai rasa ribarsa ba.

Hujja ta biyu ita ce ta tsafta da tsaro. Za a ce a dubi wuraren da ake biya: an share yashi, akwai ban-ɗaki, akwai masu gadi, babu zauna-gari-banza da ke tare mutum suna neman na goro. A dubi kuma abin da Bar Beach ta koma a shekarunta na ƙarshe, da shara da rumfunan kwano da 'yan sane. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya san yadda ake riƙon kayan gwamnati a ƙasar nan ba zai yi saurin cewa a miƙa wa ma'aikatar jiha ba. Amma ana haɗa abubuwa biyu ne da ya kamata a raba, wato hidima da hanya. A Rio masu rumfuna suna ba da hayar kujera da lema, suna sayar da abin sha, suna biyan hukuma kuɗin lasisi, wanda ba ya so kuma ya shimfiɗa zanensa a gefe ba mai ce masa uffan. Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake girmama mallakar ƙasa ƙwarai, ta kafa dokar gaɓar teku a 1976 wadda ta ɗora wa hukuma kare hanyar jama'a zuwa ruwa. Lokacin da wani hamshaƙin attajiri, Vinod Khosla, ya sayi filin da ke kewaye da Martins Beach a 2008 sannan ya garƙame ƙofar hanyar da mutane suka saba bi, kotunan jihar sun ce ba shi da ikon rufewa sai da izinin hukuma, a 2018 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙi sauraron ƙararsa. Ba a ƙwace masa fili ba, ƙofar kawai aka ce ya buɗe. Sannan abin da ya faru da gaɓar Landmark da ake biya a Oniru ya nuna cewa tikiti ba ya kare gaɓa: a ƙarshen watan Afrilun 2024 aka rushe ɓangaren bakin ruwanta domin titin Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700. Inda doka ba ta ce wannan wuri na shaƙatawar jama'a ne ba, ko mai kuɗi ma zaman aro yake yi.

Akwai kuma damuwar da ta fi kusa da zuciyar mai karatu Bahaushe, wato cewa bakin teku wurin baɗala ne, giya da kiɗa da shigar banza, don haka buɗe shi ga kowa buɗe ƙofar ɓarna ne. Sai dai kuɗin shiga ba ya tace ɗabi'a, aljihu yake tacewa. Wuraren da suka fi kiɗan dare da shaye-shaye a gaɓar Lekki su ne waɗanda ake biya, domin mai wuri ya fi samun riba a kwalba fiye da a tabarmar iyali. Inda hukuma ke da iko ne ake iya kafa ƙa'ida. A Cape Town da Durban doka ta hana shan giya a gaɓar jama'a, 'yan sanda kuma suna ƙwace kwalabe a lokutan bukukuwa. Alhazan da suka bi ta Jidda sun ga yadda iyalai ke cika bakin Bahar Maliya da yamma, da dardumarsu da shayinsu, ga masallatai a gefen ruwa, babu mai karɓar ko riyal ɗaya a hannun mai yawo. Tarihin Afirka ta Kudu kuma gargaɗi ne a kan duk wani tsari da ke zaɓar wanda ya cancanci taka yashi. Dokar wariya ta 1953 ta ba da damar keɓe wa fararen fata gaɓa mafi kyau, har sai da Archbishop Desmond Tutu ya jagoranci jama'a suka nufi irin waɗannan wurare kusa da Cape Town a watan Agustan 1989, 'yan sanda suka tare su da karnuka da bulala. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba de Klerk ya sanar da buɗe gaɓar ga kowa, a 2008 kuma aka yi dokar da ta mai da ita dukiyar jama'a. Legas ba ta rubuta launin fata a allo ba, amma allon farashi ma yana raba mutane.

Batun rai shi ne inda mai ziyara ya fi buƙatar hukuma, domin tekun Legas ba abin wasa ba ne. Wanda ya koyi iyo a kogi ko a madatsar Tiga bai san halin wannan ruwa ba. Raƙuman ruwa suna tura ruwa mai yawa zuwa gaɓa, shi kuma dole ya nemi hanyar komawa, sai ya tattaru ya fita da ƙarfi ta wata siririyar kafa a tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi. Gudunsa yana iya haura mita 2 a daƙiƙa, wanda ko gwanin iyo ba ya iya yi masa gaba da gaba. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: ruwan ya ɗan yi duhu, ba kumfa, ba raƙuman da ke fashewa, sai uba ya ce wa yara ga inda ya fi lafiya. Wanda irin wannan ruwa ya ja, kada ya yi kokawar komawa kai tsaye, ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga jan. Ko wanda ya tsaya iya gwiwa ma yana cikin haɗari, don ruwan da ke komawa yana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, babbar riga ko zane ko dogon hijabi kuma idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe mutum. Ba a juya wa teku baya domin ɗaukar hoto. Ruwan ya fi hauka a damina, musamman wajen Yuli zuwa Satumba, ya fi lafawa da rani. Tarkwa Bay ta fi sauƙi ga yara saboda shingayen dutse sun kare ta, amma sai an shiga kwale-kwale, kuma ba a shiga ba rigar kariya, ba a tafiyar dare. Duk wannan ilimi, da tutar gargaɗi da mai ceto a kan hasumiya, aikin hukuma ne. Wanda kuɗin ƙofa ya kora ba gida yake komawa ba, yakan nemi wani lungu da ba mai gadi ba mai ceto, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Saura masu cewa wannan duk maganar ƙoshi ce, ƙasar da ke fama da yunwa da rashin aiki tashar jirage take buƙata da matatar mai da titi, ba wurin shan iska ba. Babu mai hankalin da zai ce a fasa tashar Lekki da aka buɗe a 2023, ko matatar Ɗangote. Gaɓar kilomita 180 ta isa ta ɗauki tasha da matata da wurin hutu, in an yi rabon tun da wuri. Kuma buɗaɗɗiyar gaɓa ita ma ma'aikata ce, wadda ke ciyar da mai doki da mai tsire da mai kwakwa da direban bas, irin mutanen da ba su da jarin kama shago a cikin wurin da aka katange. San Faransisko ta nuna muhimmancin yin abu a kan lokaci. A shekarun 1960 an shirya gina sabon gari na mutum 30,000, mai suna Marincello, a kan tuddan da ke kallon teku a ƙetaren gadar Golden Gate. Mazauna yankin suka kai ƙara, shirin ya rushe, a 1972 kuma majalisar Amurka ta kafa gandun shaƙatawa na Golden Gate, ta haɗa tsofaffin sansanonin soja da gaɓa da tuddai. Yau faɗinsa ya haura hekta 30,000, kimanin mutum miliyan 15 ke ziyartarsa a shekara, kuma yawancin sassansa ba a biyan ko sisi. Da an jira zuwa yanzu, babu gwamnatin da za ta iya sayen wannan ƙasa. Legas tana da ƙaramin misali nata: a 1990 Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta keɓe hekta 78 na daji da fadama a Lekki, lokacin wurin bayan gari ne. Yau gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, amma birai suna nan a kan bishiyoyi, baƙi suna bin gadar igiya mai tsawon mita 401 a samansu. Ana biyan kuɗin shiga a can, amma darasin shi ne abin da aka keɓe tun ƙasa tana da araha shi kaɗai ya tsira.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Jihar Legas ba. A yi dokar da za ta ce yashin da ke tsakanin ruwa da wata iyaka sananniya na jama'a ne, ba a katange shi. A wajabta barin hanyar ƙafa zuwa ruwa bayan kowace 'yar tazara, a rubuta hakan a cikin takardar duk filin da za a bayar a gaɓa, har da gefen sabon titin Kalaba, wanda idan ba a yi masa gadoji da mashigai ba zai zama katanga mafi tsawo tsakanin birnin da tekunsa. A keɓe manyan wurare biyu ko uku, ɗaya ta wajen Badagry, ɗaya ta wajen Ibeju-Lekki, a matsayin gandun jama'a da bas ke zuwa, da masu ceto da ban-ɗaki da wurin alwala, a riƙe su da kuɗin lasisin masu sana'a da harajin otal-otal ɗin da ke cin moriyar kallon ruwa. A kuma saka ƙauyukan masunta a cikin tsarin, domin su ne suka riga kowa zama a wurin, su ne kuma suka fi kowa sanin ruwan. Bar Beach ta tafi, kukanta yanzu ihu ne bayan hari. Amma a gabas da yamma akwai kilomitoci masu yawa na yashi da itatuwan kwakwa da ba a riga an kafa wa turakun awo ba, kuma duk shekara ana ƙara kafawa. Wanda zai nemi ƙuri'a a Legas, daga kansila zuwa gwamna, ya kamata masu zaɓe a Agege da Mile 12 da Ajegunle su tambaye shi kilomita nawa zai bar musu.